Nonon Afoka

Jikata ce ta tono min wannan zance, 'yar ɗan farina. Ta dawo hutu daga babbar makaranta a Tamale, waya a hannu kamar an ɗinke mata ita a tafi, ta zauna a bakin tabarmata tana cin gyaɗata ba ko tambaya. Sai ta ce, "Kaka, mu a can gardama muke yi. Wasu sun ce addini igiya ce, yana ɗaure wa mutum tunani. Wasu sun ce in babu addini mutum ba zai san kirki ba, dabba zai zama. Ke me kika gani?" Na ce, "Ke tashi ki ba ni wuri. Kin cinye min gyaɗa, kuma kina so ki cinye min kai." Ta yi dariya ta tafi abinta. Ni kuwa dariyar ba ta zo min ba, don ta taɓa wani wuri da na daɗe ina rufewa da zani, kuma tun daga ranar kunya take bi na har kan sallaya.

Yaran yanzu sun ji daɗi, wallahi. A ce yarinya ta dubi tsohuwa ido cikin ido ta yi wannan tambaya, kuma leɓenta ya kwana lafiya! A Salaga aka haife ni, lokacin da garin bai san famfo ba. Abin da ke tashe mu da asuba ba agogo ba ne, ƙarar guga ce tana bugun bakin rijiya, da kukan jakuna, da muryar ladan tsirararta babu na'ura, sai kuma tabarya ta ɗauka daga wannan gida zuwa wancan. Rijiyoyi ne birjik a garin, amma da rani sai mu shiga ciki da ƙoƙo muna kankare ruwa kaɗan-kaɗan, mu dawo gida wuya ya sage. A zauren gidanmu akwai wani ƙoƙo da ke rataye shi kaɗai a jikin turke. Na waɗanda ba sa salla ne, masu kawo doya da itace daga ƙauye. In sun roƙi ruwa a ciki ake ba su, a mayar da shi mazauninsa, ba ya haɗuwa da sauran ƙore ko a wurin wanki. Wata rana ina tsefe wa kakata kai na ce, "Kaka, wa ya haƙa rijiyoyin nan?" Ta ce, "Bayi, tun zamanin kakanni." Na ce, "Suna salla?" Ta ce, "Ina fa." Na ce, "To in ruwan rijiyarsu ya yi mana alwala, me ya sa bakinsu zai ɓata mana ƙoƙo?" Ban rufe baki ba ta juyo ta murɗe min leɓe har na ɗanɗani jini. Ta ce yarinyar da ta cika tambaya Shaiɗan ne yake mata raɗa a kunne. Na yi kwanaki ina toshe kunnen hagu da yatsa in zan yi barci.

Da na ɗan tasa aka kai ni riƙo Yendi, gidan ƙanin babana da muke kira Baba Malam. Can kuma kalangun Dagwamba ne ke tashe mu ranar Juma'a, sautinsu yana shigowa har madafa. Baba Malam mutum ne da ba ya tsoron tambaya. In yana karatu da manyan ɗalibansa a rumfa, sai ka ji suna ja da shi yana dariya, yana cewa su ƙara. Mu mata kuwa rabonmu surorin salla ne, daga nan sai tulu da tsintsiya. Ya taɓa kama ni a bayan zana ina saurare, sai ya ce, "Me ke bakinki? Faɗi mana. Allah bai ba ki kai don ɗaukar tulu kawai ba." Ban samu na faɗa ba. Matarsa, Gwaggo, ta riga ta hango ni, kuma na san mintsininta. Da na shiga ciki ta ba ni shi a cinya, ta ce wa zai auri mace mai ja da malamai. Haka na koyi haɗiye tambaya kamar yadda ake haɗiye maganin ɗaci. Tun ina haɗiyewa da ƙyar, har ta daina zuwa. Ranar da aka ɗaura min aure, in ka buɗe kaina ba za ka samu tambaya ko ɗaya ba, kuma kowa yana yabona wai yarinya ce mai tarbiyya.

Bawku aka kai ni, a shekarun da aka sauke tutar Bature. Maigidana ɗan kasuwa ne, yana kai albasa kudu ya dawo da goro, mutum mai sanyin hali, kuma ina son sa. Gidan a zango yake, unguwar Hausawa, uwarsa ce ke riƙe da shi, muna ce mata Mma. Mace ce mai salla da azumin nafila, ba ta hana maƙwabci gishiri, amma in ta ce a'a ko ɗanta ba ya ƙara magana. Bayan gidanmu akwai wani kwari, a tsallakensa gidajen Kusasawa suke, zagayayyun ɗakuna a tsakiyar gonakin gero. Daga can wata mata take kawo mana itace kowace safiya, sunanta Afoka. Doguwa ce, baƙa, mai faɗin kafaɗa, da jaririyarta Talata a goye. Ba ta salla. A ƙofar gidansu akwai tudun yumɓu da gashin kaza manne a jikinsa, kuma ranar kasuwa takan dafa fito, giyar dawa, ta sayar. Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta. Takan jibge itacen ta ce min, "Amarya, cikinka ya yi girma, kar ka haifi biyu!" Ni kuma in sunkuyar da kai ina murmushi, in ba ta ruwa a ƙoƙon da aka ware, don gidan Mma ma akwai irinsa.

Da faɗuwar damina na haihu, namiji. Ba a daɗe da suna ba zazzaɓi ya kwantar da ni, nonona ya kumbura ya yi ruwa, da ya fashe kuma sai ya ƙafe ƙaf, duka biyun. Babu abin da ba a yi ba. An dama min kunun kanwa, an yi turare, an sha rubutu, ko ɗigo. Aka ba yaron nonon akuya ya yi ta gudawa, aka koma ruwan koko yana dawo da shi. Yanzu kowane kanti ka shiga gwangwanin madarar jarirai ne jere har rufi, amma a lokacin wannan sai gidan Bature da manyan akawu. Matan zango masu goyo kuwa, ai magana ta riga ta zaga cewa mugun nono ne da ni kuma yaron ya ɗauka a bakinsa. Ɗaya ta ba shi sau ɗaya, mijinta ya hana. Sauran suka riƙa zuwa sannu da goyonsu a ɗaure tam, su yi addu'a su fita. Yaro ya zama fata da ƙashi, maɗigarsa ta faɗa ciki. Kuma ɗan fari ne, ba ni da bakin da zan yi kuka a kansa a gaban surukai, ko sunansa ba na faɗa. Sai in juya fuska bango in ciji zani.

Afoka ce ta ji kukan tana sauke itace. Ta ce wa Mma, "Mma, yaro yana jin yunwa. Ni ina da nono. Kawo shi." Mma ta ja da baya kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta ce, "A'uzubillahi! Nonon da aka yi da fito? Nono hali yake ɗauka. So kike jikana ya tashi yana yanka wa tudu kaza?" Afoka ta ɗauki gammonta ta tafi. Da maigidana ya dawo daga kasuwa aka faɗa masa. Ya daɗe yana duban yaron, idonsa ya kawo ruwa, sannan ya ce wannan magana ta fi ƙarfinsa, sai an tambayi Baba Malam a Yendi. Ya je tasha ya ba wani direban lori saƙo da baki, wanda ke bi ta Garu da Gushegu ya sauka Yendi. Damina ce fa, hanya ta lalace, lori kan kwana a laka. Kowa a gidan ya san haka, kowa kuma yana ganin yaron. Amma muka ce a jira. Ni ma da nake kwance ina jin numfashinsa a jikin haƙarƙarina, wallahi ban ce a raina wannan wauta ce ba. Gani nake abin da ya dace ke nan, mu masu tsoron Allah ne, ba ma yin abu sai da izini.

Washegari da safe kukan nasa ya koma kamar na ɗan kyanwa. Na ji faɗuwar itace a tsakar gida, sai kawai na ga labule ya ɗaga, Afoka ta shigo ba sallama, ƙafarta duk laka. Ba ta taɓa wuce bakin madafa ba sai ranar. Ta dube ni ta ce, "Yaro yana mutuwa, kai kana kwance kana kallo?" Ta kwance Talata ta ajiye a ƙasa, ta sunkuya ta ɗauke shi daga gefena, ta zauna a dandamali ta tura masa nono. Da farko bai kama ba. Ta matsa masa a leɓe, ta yi masa magana da yarensu a hankali, sai na ji ya ja. Wannan ƙarar haɗiya, har yau in na rufe ido ina jin ta. Mma ta faɗo ɗakin tana salati tana tafa hannu, "Ke! Wa ya ba ki izini? Ajiye shi!" Afoka ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Mma, bari ya ƙoshi. In ya ƙoshi ka buge ni."

Ba a buge ta ba, don yaron ya yi barci ranar, barcin da bai taɓa yi ba. Amma Mma ta kafa sharuɗɗa, mu kuma muka bi. Afoka za ta riƙa zuwa safe da yamma ta ƙofar baya, kada zango ya gani. Kafin ta ba shi sai ta wanke nononta da sabulun salo a gabanmu. In ya gama, a wanke masa baki da ruwan rubutu. Kuma shi zai fara sha, har ya ƙoshi, kafin ta ba 'yarta, don Mma ta ce jikanta ba zai sha saurar bakin arniya ba. Ni ce mai riƙe ƙwaryar ruwan da sabulun. Afoka takan wanke tana dariya, ta ce, "Amarya, nonon nan ya fi fuskata tsabta yanzu." Talata kuwa tana ƙasa a kan tsumma tana kuka tana miƙa hannu, uwar tana jijjiga ta da ƙafa tana cewa ta yi haƙuri, baƙo ne ya fara.

Ana cikin haka amsar Yendi ta iso. Direban ya tsaya a zaure yana murza hularsa, ya ce Malam ya rantsar da shi sai ya faɗa yadda aka faɗa masa. Ya ce, "Malam ya ce, wa ya gaya muku wannan abin tambaya ne? Ya ce da yaron ya mutu kuna jiran lori, ku za a tambaya ranar gobe ƙiyama, ba shi Malam ba. Ya ce a ba shi nonon. Ya ce kuma ku sani, matar nan ta zama uwarsa, 'yarta ta zama 'yar'uwarsa, ku riƙe ta riƙon uwa." Maigidana ya yi hamdala. Mma ta ce to madalla, tunda malamai sun halatta. Muka ɗauki rabin farko na saƙon muka rungume, rabin na biyu muka bar shi nan zaure inda direba ya ajiye. Sabulu bai fasa ba, ƙofar baya ba ta fasa ba.

Ga abin da na kasa faɗa wa jikata. In ta ce addini ne ya ɗaure mana kai, to ai mutumin da ya fi mu sanin addini nesa ba kusa ba shi ne ya zage mu a kan rashin tunani. Ba littafi ne ya murɗe min leɓe a Salaga ba, ba littafi ne ya mintsine ni a Yendi ba. Tsoron bakin mutane ne, da son a ce mun fi wasu, muka ɗinka musu riga muka kira su addini, har mu kanmu muka daina gane su. Ina salla har gobe, da ita zan mutu in Allah ya yarda, ita ce ta riƙe ni ranakun da babu mai riƙe ni. Amma in wani ya zo ya ce min wanda bai sa goshi a ƙasa ba bai san kirki ba, ba na iya amsa masa da "haka ne". Mu da muka cika sahu biyar a rana, me muka yi? Na tambayi kaina wannan ya fi a ƙirga, kuma tambayar ta zo a makare.

Don lokacin nan shi ne lokacin yunwa a ƙasar Kusasawa, tsohon gero ya ƙare, sabo bai nuna ba. Mutanen tsallaken kwari ganye suke dafawa, sau ɗaya a wuni. Mu kuwa buhunan dawa ne jingine a ɗakin ajiya, maigidana ɗan kasuwa ne. Mace tana shayar da yara biyu da cikin da babu komai, mu hankalinmu yana kan ko an wanke wa yaro baki da kyau. Abin da ake ba ta ɗumamen tuwo ne in ya ragu, in bai ragu ba shi ke nan. Ba mugunta ba ce irin ta wanda ya zauna ya shirya, a'a, ba ta zo mana a rai ba ne sam, kuma wannan ya fi ba ni kunya. Yarona ya yi kumatu, cinyoyinsa suka yi gaɓa-gaɓa, mata suka dawo suna ɗaukarsa suna cewa tubarkalla, Mma tana cewa ƙarfin rubutu ne. Kafaɗun Afoka suka fito, dariyarta ta ragu. Gashin Talata ya yi ja, wuyanta ya zama kamar sillen kara, kukanta ma ya daina damunmu don ya yi ƙasa. Da idona na ga wannan, safe da yamma, ina riƙe da ƙwaryar sabulu. In yarona ya saki nono, sai in ga Talata ta kama tana ja tana ja, ta saki, ta sake kamawa. Na gani, ban tambayi kaina me take samu ba.

Sai wata safiya Afoka ba ta zo ba. Yamma ta yi, shiru. Gari ya sake wayewa, babu ita babu itace. Yaro ya tsanyare da kuka, aka koma ruwan koko yana turewa, na ga muna komawa inda muka fito. Tsallaken kwarin nan, in ka tsaya a ƙofar bayanmu kana hango rufin ɗakinta. Babu wanda ya taka ya je, wai ba a shiga gidan da ake yanka wa tudu. Mma ta ce ƙila ta samu masu sayen fito ne ta manta da mu. Ni kuma, ni da bakina, ina jijjiga yaro ina huci, na ce, "Dama wanda bai san Allah ba, ina zai san amana?" Matan da suka zo sannu suka ce wallahi gaskiya ne, amarya ta yi magana. Har daɗi na ji da suka yaba.

Kashegari da hantsi ina tsakar gida da yaron a kafaɗa, muryarsa ta dishe, na ji an turo ƙofar baya. Afoka ce. Babu itace a kanta. Idanunta sun kumbura, gaban zaninta ya jiƙe sharkaf da nono har ya bushe ya sake jiƙewa. Na buɗe baki zan yi mata faɗa, faɗan da na kwana ina shiryawa, sai ta juya za ta zauna a dandamali, na ga bayanta. Babu goyo.

Na ce, "Afoka, ina Talata?"

Ta ce, "Ya tafi. Jiya mun rufe shi."

Mma tana bakin madafa da muciya a hannu, ta tsaya kamar an dasa ta. Ni kuwa na durƙusa a wurin. Afoka ta ce, "Amarya, ka yi haƙuri. Na so in zo, mutanen gida sun hana ni fita. Ina can ina jin tsoro, na ce kar naka ma ya tafi." Ta miƙo hannu biyu. Na ba ta shi, na kasa duban fuskarta.

Yaron ya cafki nono da haɗama har ya ƙware, ya yi tari, ya sake cafka. Ta ɗaga masa kai kaɗan, ta share masa haɓa da babban yatsa, ta ce masa, "Sha a hankali. Yau babu mai jira."